Liatu da Gayyar Ranar Zaɓe

Duk wanda ya zauna a Bayan Dogo, unguwar nan ta Funtua da ke tsakanin layin jirgi da gidan gurzar auduga, ya san Liatu mai tuwo ko da bai taɓa cin tuwonta ba, don muryarta kan riga ta isa ko'ina. Gajeruwa ce kakkaura, irin matan da ba sa neman mai ɗora musu tulu. 'Yar Ƙarfi ce, can ƙasar Malumfashi. Iyayenta sun shiga addinin Kirista tun tana goye, kuma a gidansu mace da namiji duk gona ɗaya suke kwana su tashi. Har ta tsufa tana cewa ita ta koya wa wanta saran shuka, shi kuwa bai taɓa musa mata ba, aƙalla dai a gabanta.

Aure ne ya kawo ta Funtua. Mijinta Sulemanu lebura ne a gidan gurza, da rani ya sha ɗaukar buhunan auduga, da damina ya koma gonarsa da ke nesa da gari, kamar yawancin magidantan unguwar. Mutum ne shiru-shiru. Mutane kan ce Allah ya raba musu magana tun ranar aure, ya ba Liatu kashi tara, ɗayan ma Sulemanu bai cika amfani da shi ba.

Rumfar tuwonta tana bakin hanya, kuma nan ce majalisar unguwa. Teloli da leburori da mahauta da 'yan dako, kusan duk 'yan jam'iyyar Sawaba ne, masu alamar tauraro. 'Yan Salama masu alamar fartanya ba su da yawa, galibinsu 'yan kasuwar hatsi ne da ke kewaye da Alhaji Bature, dattijon da ya fi kowa rumbu a unguwar. In ka zauna a rumfar Liatu da azahar sai ka rantse a nan ake naɗa gwamnati a sauke ta. Wannan ya ɗaga loma ya rushe haraji, wancan ya suɗe hannu ya gina asibiti. Liatu ma ba a bar ta a baya ba, tauraro ne a ranta, ko da yake a zamanin mace ba ta da ƙuri'a a Arewa.

Amma fa duk baki ne. A zaɓen da ya gabata ranar ƙuri'a ta faɗo daidai da kasuwar auduga, kowa ya bi buhunsa. Cikin mutum ɗari biyu da arba'in da aka rubuta sunayensu a Bayan Dogo, arba'in da shida ne kacal suka je rumfar zaɓe. Sauran unguwanni suka sa musu suna 'yan Sawabar malmala. Da majalisar gari ta samu bututun ruwa aka raba famfo unguwa-unguwa, sai aka tsallake su. Dattawa suka je ƙorafi, wakilin da ke kan kujera a lokacin ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Wallahi ba ƙinku nake ba. Na buɗe takarda ne ban ga mutane a Bayan Dogo ba."

Maganar nan ta tsaya wa Liatu a rai, kuma tana da dalili. Rijiyoyin unguwar kan ƙafe da bazara, sai kowa ya koma wani tsohon kududdufi da aka haƙa don ƙasar gini. Da damina ta kama kuwa sai kurkunu ya fito, tsutsar nan fara doguwa mai huda ƙafa ta leƙo. Ba a jan ta da ƙarfi, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in ta tsinke ƙafa ta kumbura kamar turmi. Mutum kan yi wata biyu yana jan gindi, daidai lokacin da gona ke nemansa. A daminar 1960 Sulemanu ya kwanta da shi tun daga shuka har maimai. Liatu ta ga namiji mai ɗaukar buhu biyu yana rarrafe zuwa bayan gida, yana kau da kai don kada su haɗa ido. Wannan abu ya ƙona mata rai ƙwarai.

Wasu na cewa kurkunu a jini yake, wasu su ce raɓa ce ke kawo shi. Malama Salome, mai ba da magani a ɗakin shan magani na mishan, ita ta zaunar da Liatu ta ce mata, "A ruwan kududdufi ake shan sa, Liatu. Wanda aka sha bana, baɗi yake fitowa. Ki tace ruwa, ki tafasa in kin iya. Amma maganinsa na gaskiya famfo ne." Liatu ta tace, ta tafasa, sai dai wa zai bi magidanci duk inda ya je da tulu? In ƙishirwa ta kama shi a hanya, inda kowa ya sha nan zai sha.

A 1961 aka sake buga gangar zaɓen majalisar gari. Kujera ɗaya ce ta haɗa Bayan Dogo da Bakin Tasha, unguwar da ke tsallaken layin jirgi. 'Yan Sawaba suka tsayar da Mudi tela, ɗan Bayan Dogo, wanda shi ma akwai tabon kurkunu a idon sawunsa. 'Yan Salama suka tsayar da Maitama, wani mai motocin haya a Bakin Tasha. A wannan karo an yi rantse-rantse a rumfar Liatu har sai da ta ce a rage, kada rufin ya faɗo. Kowa ya ce ko da rarrafe sai ya je. Sulemanu ne kaɗai bai rantse ba, don shi rarrafen ya riga ya same shi, kurkunu ya sake huda masa ƙafar hagu mako guda kafin zaɓe.

Ana gobe zaɓe, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Kafin a kwashe shanya ruwa ya tsuge, irin wanda ake jira tun watan jiya, ruwan shuka sosai. Ya ɗauke ya bar ƙasa tana ƙamshi. Liatu na tsaye bakin rumfa, sai ta ga magidanta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke maganar tauraro ko fartanya. Wannan yana gyara ƙotar sungumi, wancan yana aikawa a sauko da iri daga rumbu. Ba ta ga laifinsu ba. Ita ma 'yar manoma ce, ta san laimar ruwan fari ba ta jiran kowa, kwana ɗaya ko biyu rana ta shanye ta. Gonakin kuma tafiyar sa'a biyu ce, wanda ya fita da asuba ba zai dawo ba sai an rufe akwati. Ta ce a ranta, wancan karo auduga, wannan karo shuka, haka za mu ƙare.

Ba ta ko rufe tukunya ba ta nufi gidan Hansai mai ƙosai, ƙawarta, wata bazawara Musulma da ta girme ta, wadda ba gidan da ba ta shiga a unguwar.

"Yaya Hansai, gayya zan kira."

"Gayyar me kuma, 'yar Ƙarfi, ana gobe zaɓe?"

"Gayyar shuka. Ta mata. Mu da ba mu da ƙuri'a me zai zaunar da mu a gida? Mu fita da asuba mu kama gonakinsu, su su tsaya su jefa, in sun gama su same mu can su karɓa."

Hansai ta riƙe haɓa. "Binne iri dai kowa ta iya. Wa zai yi sara?"

"Ni. Da matan cocinmu, akwai wajen ashirin da suka tashi da sungumi a hannu. Ke ki tattaro mini tsofaffi da zawarawa da 'yan mata su bi mu da iri. Waɗanda ba sa fita kuwa su ɗora tukunya, ai gayya ba ta tafiya da yunwa."

Hansai ta yi dariya har da tafa hannu, ta ja mayafi. Kafin magariba magana ta gama unguwa. Maza suka yi ta gunaguni da farko, wai ina aka taɓa barin mace da gonar mutum. Liatu ta ce duk mai shakka ya kawo sunguminsa su gwada layi ɗaya a nan bakin hanya, in ya riga ta kaiwa ƙarshe ta ciyar da shi wata guda. Ba wanda ya fito. Sai ga ƙoren iri suna isowa rumfa, gero da dawa, kowacce da alamar gidan da ta fito.

Ana cikin haka Mudi tela ya zo ya ja ta gefe.

"Yaya Liatu, Allah ya saka da alheri, kin fitar da ni kunya. Amma ki bari in faɗa miki wata magana ta siyasa. Gonakin mutanenmu kawai za ku shuka. Su Alhaji Bature ku ƙyale su su tafi gona abinsu. Duk ɗayansu da ya tsaya a gari, ƙuri'ar Maitama ce."

Liatu ta dube shi sama da ƙasa. "Mudi, ɗinki ka iya, ba gayya ba. A ina ka taɓa ganin gayya ta zo gonar maƙwabci ta tsallake? In muka yi haka, gobe da wane ido zan kalli matan gidan Alhaji, alhali su za su dafa mana abinci?"

"In na faɗi fa?"

"In ka faɗi ka tashi ka karkaɗe rigarka. Ni so nake a buɗe takarda a ga mutane a Bayan Dogo."

Ƙarfin hali kawai ta yi ta faɗi haka. Tana son Mudi ya ci, ta kuma san maganarsa ba shirme ba ce. Duk da haka ta wuce kai tsaye ƙofar gidan Alhaji Bature, ta same shi kan buzu ana auna masa iri. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Alhaji ya dube ta. "Ke da kowa ya san tauraro ne a ranki, za ki shuka mini gona in je in jefa wa fartanya?"

"Alhaji, ka jefa inda ranka ya so, ba zan leƙa ba. Amma jikokinka ma kududdufin nan suke sha."

Ya sunkuyar da kai, ya ja carbi kaɗan. "Kin yi gaskiya, Liatu. To, bismillah." Ya sa aka ware hatsin abincin gayya daga rumbunsa, ya aika wa mutanensa cewa kowa ya kai irinsa rumfar mai tuwo.

Da gari ya waye Funtua ta ga abin da ba ta saba gani ba. Mata wajen casa'in suka fito a jere, na gaba da sungumi a kafaɗa, na baya da ƙoren iri a ka, suka rabu rukuni-rukuni a mararraba. A gona Liatu ta ɗaure ɗamara ta shiga gaba. Taku ɗaya sara ɗaya, taku ɗaya sara ɗaya, mata huɗu na bin ta suna zuba iri suna binnewa da diddige. Matan coci suka ɗauko waƙa, su Hansai ba su san baitin ba amma suka kama amshi. In an ci rabin gona sai a bar 'yan binne su ƙarasa, masu sara su tsallaka ta gaba. An yi kuskure ɗaya ko biyu, an zuba wa wani mahauci kaura a inda ya yi niyyar gero, ya yi ta mita har kaka, da ya ga dawar kuma ya yi shiru.

A gari kuwa layi ya tashi daga makarantar firamare, inda rumfar zaɓe take, har bakin hanya. An shirya masu gona mai nisa su fara shiga. Mutum ya faɗi sunansa, a duba takarda, a ba shi ƙuri'a, ya shiga bayan zana inda akwatuna biyu suke, ɗaya da tauraro ɗaya da fartanya, ya jefa, ya fito ya kama hanyar gona da sauri. Sulemanu ma ya je. Jakin Alhaji Bature ne ya kai shi, ƙafa a naɗe da tsumma, Alhaji na tsaye yana cewa, "Ku dubi ikon Allah, jakina ya kai wa tauraro ƙuri'a." Daga azahar maza suka fara isa gonaki suna karɓar sungumi. Wasu sun tarar an gama, sai suka tsaya suna duba layi suna neman aibi, ba su samu ba.

Gona ɗaya ce gayya ba ta kai gare ta ba, ta Sulemanu, don ita ce can ƙarshe kuma Liatu ta ce a bar ta sai an gama na mutane. Washegari tafin hannunta duk ya yi bororo ya fashe, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Sai kwana na uku ta je, ƙasa ta riga ta sha iska, rabin irin bai tsiro ba.

Aka ƙidaya ƙuri'a. A Bayan Dogo mutum ɗari biyu da goma sha bakwai suka jefa, abin da ba wata unguwa a garin da ta yi kusa da shi. Ɗari da hamsin da tara na Mudi, hamsin da takwas na Maitama. Da aka haɗa da na Bakin Tasha, Maitama ya ci da ratar ƙuri'a ashirin da uku. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Da an bar mutanen Alhaji sun tafi gona, da Mudi ne kan kujera.

Nan fa unguwa ta juya wa Liatu baya. Waɗanda ta shuka wa gona su suka fi kowa ɗaga murya, wai ta sayar da su, wai dama me ya kai mace cikin siyasa. Rumfa ta yi tsit, tuwo ya riƙa kwana. Mudi in ya hango ta sai ya canja hanya. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, har ta zauna a tsakar gida ta yi kuka, ta ce wa mijinta, "Maigida, ko dai na yi wauta ne?"

Sulemanu na naɗe kurkununsa a tsinke. Bai ɗago ba ya ce, "An dai ga mutane." Ya ci gaba da abin da yake yi.

Ta share ido, ta ɗaura kallabi, ta koma ƙofar gidan Alhaji Bature.

"Alhaji, na zo da saƙo ka kai wa mutuminka. Ka ce masa hamsin da takwas ɗin da suka ɗora shi kan kujera a Bayan Dogo suke kwana. Ka ce masa ɗari da hamsin da tara da suka ƙi shi ma a nan suke, kuma yanzu duk sun san hanyar makarantar firamare."

Alhaji ya yi murmushi. "Da ana ba mata kujera, Liatu, da mun shiga uku." A ranar ya sa babbar riga ya tsallaka layin jirgi. Maitama kuwa mai motoci ne, ya san inda ake samun fasinja, ba sai an maimaita masa ba. Ya kai maganar majalisa, ya nace, ya sake nacewa. Da rani ya tsaya aka ga leburori suna haƙa rami daga bakin titi, aka ratsa da bututu har tsakiyar unguwa.

A ƙofar gidan Alhaji aka kafa famfon, don haka sunansa ya zama famfon Alhaji, har yau tsofaffi haka suke kiran wurin. Hansai ta yi ta faɗa, wai an yi wa ƙawarta ƙwace. Liatu ta ce, "Yaya Hansai, suna zan sha ko ruwa?" Masu cin tuwo suka dawo ɗaya-ɗaya kamar ba su ba. Mudi ne na ƙarshe, ya zo da wata riga da ya ɗinka wa Sulemanu, ya ajiye, ya ce a zuba masa na miyar kuka, ba wanda ya tayar da tsohon zance.

Sai dai daminar 1962 ta zo da abin da ya kusa karya mata gwiwa. Kurkunu ya sake fitowa, har da Sulemanu, karo na uku. Masu baki suka samu abin faɗa: ga famfo ga kurkunu, ina amfanin wahalar? Liatu ta ce na bara ne da aka sha, Malama Salome ta faɗa, a jira baɗi. Ta faɗa a rumfa da babbar murya, ta sake faɗa, har ta hana kowa musu. Amma in ta koma gida ta ga mijinta a tabarma, ita kaɗai ta san yadda zuciyarta ke rawa. Ta kafa doka a gidanta da rumfarta, ba mai kawo mata ruwan da ba na famfo ba, ta kuma saya wa Sulemanu gora ta rataya masa, ta ce ko lahira zai je ya tafi da ita.

Bazarar 1963 ta shigo. Kullum da safe Liatu sai ta saci kallon ƙafafun mijinta, idon sawu, ƙwauri, bayan gwiwa, tana neman ɗan ƙurjin nan da ta sani. Shi kuwa sai ya yi kamar bai gani ba. Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Da asuba ta miƙa hannu za ta ɗauki sungumi kamar yadda ta saba shekara uku, sai ta tarar yana kafaɗar Sulemanu.

A gona ya shiga gaba, ta bi shi da ƙwaryar iri. Layi na farko tana dab da shi, tana mitar cewa saransa ya karkace. A na biyu ya ba ta rata. A na uku ta ɗago kai ta hango shi can kusa da kan iyaka, yana taku yana sara, ƙafa biyu a ƙasa daram, ko waiwaye ba ya yi. Ta tsaya cik da iri a hannu. Daɗi ya cika ta har hawaye suka zubo, ita da ba ta yarda wani ya riga ta kai ƙarshen layi.

Sulemanu ya juyo ya ga ta tsaya. "Lafiya, Liatu? In jira ki?"

Ta goge fuska da bakin zane, ta ɗaga murya yadda har maƙwabtan gona suka ji.

"Kada ka kuskura ka jira ni, Maigida. Yi gaba abinka."